Malam Sadisu, Mai Zaɓa wa Kwamfuta Fanka

Idan an sallame sallar asuba a Magarya, Malam Sadisu ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai koko ya sha a tsaye, ya wuce shagonsa da ke bayan tasha. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa wata tsohuwar tabarma, sannan ya fito da kwalinsa. Babu komai a kwalin sai fankoki, irin ƙananan nan da ke cikin kwamfuta suna fitar da zafi don kada ta ƙone. Kaɗan daga ciki sababbi ne daga Kano, sauran kuwa daga cikin matattun na'urori ya ciro su. Yakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya juya da yatsa, ya kai kunne. Wadda kukanta bai yi masa ba, sai ya ɗaga 'yar takardar da ke manne a bayanta, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya ajiye ta gefe ta huta.

Na san duk wannan domin shagona yana kallon nasa. Sunana Sale, ina gyaran rediyo da salula, kuma da kwamfuta ta shigo garin nan ni ma na koya wa kaina buɗe ta. Ba wanda ya zaunar da ni, haka shi ma ba wanda ya zaunar da shi. Da fankar silin ya fara, yana saurayi, ya koma kan rediyo, ya zo ya tsaya kan wannan.

Gara in faɗa tun yanzu: ina kishin mutumin nan. Ko kishi ne, ko ƙyashi, ko hassada, na daɗe ina juya kalmomin uku a raina ban tsayar da ɗaya ba. Mai hassada so yake abin ya bar hannun ɗan'uwansa, ni kuwa ban taɓa fatan wani abu ya sami shagonsa ba. Amma duk ranar da mutum ya sauko daga mota da kwamfuta a ka, ya dubi allon da na biya aka rubuta mini da fenti, ya dubi ƙofar Malam Sadisu da ba ta da ko allo, ya nufi can, nakan kasa mayar da hankali kan aikina har azahar. Yanzu da ya ce zai ajiye aiki, na ga ni ne ya fi dacewa in jinjina masa. Masoyinsa zai iya ƙara gishiri. Ni shekaru sama da ashirin na yi ina kallonsa da ido biyu ina neman aibinsa, abin da na samo shi zan faɗa.

Abin da yake cewa game da fanka ba wani asiri ba ne, ni ma na san shi. Abu uku mutum yake so a wurinta: ta yi gudu ta fitar da zafi sosai, ta yi shiru, ta yi araha. Yakan ce biyu kake samu, na ukun ka yi haƙuri. Ƙarama sai ta yi gudun tsiya kafin ta tura iskar kirki, shi ya sa take ihu. Babba tana tafiya a hankali ta tura iskar da ta fi haka, amma ba kowane akwati take shiga ba. Mai ƙarfi kuma mai shiru tana nan, sai dai kuɗinta ya isa a sayi 'yar akuya. Duk wanda ya buɗe kwamfuta goma ya san wannan. Inda muka rabu da shi, ni fanka nake duba, shi kuwa sai ya tambayi wanda zai zauna kusa da ita.

Akwai Bello, wanda yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a salula a bakin tasha. Na ji da kunnena ranar da ya je sayen fanka.

"Ina take kwana? A wane ɗaki take aiki? Wa yake zama gefenta?" in ji Malam Sadisu.

Bello ya ce, "Haba Baba, fanka na zo saye, ba aure na zo nema ba."

"Ai gara aure, can akwai waliyyi. Amsa mini."

Da ya ji cewa a tsakiyar tasha take wuni, tsakanin 'yan kamasho da hon ɗin motoci, sai ya miƙa masa mafi araha, mafi ihu a kwalin. Bello ya ɓata rai, ya ce shi mai shiru yake so, yana da kuɗinta. Malam Sadisu ya ce, "Shirun wa zai ji a tasha? Kai kanka ba ka jin kanka. Riƙe kuɗinka ka saya wa uwar 'ya'yanka sabulu." Fankar tana nan tana ihunta har yau, ba wanda ya taɓa lura. Da ni ne, da na sayar masa da mai tsadar, kuma da ban yi ƙarya ba, tun da ita ya nema. Na yi kwanaki ina tunanin wannan: idan mutum ya nemi abin da ba ya bukata, ka ba shi, ka cuce shi ko ka girmama shi? Ban gama da tambayar ba har yanzu.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gidan Zulai, a bazarar da ta wuce.

Zulai matar aure ce a Waca. Ta yi lekwal, wato makarantar boko, kaɗan, ta koyi buga takarda, kuma ita ce take buga wa malaman lekwal na ƙauyukan kewaye takardun jarrabawa, da katin biki, da takardar neman aiki. Mijinta Faruku yana cin rani a Kano. Kwamfutarta tana ɗakin surukarta, Inna Ƙande, domin nan ne ɗakin da ke da ƙofar ƙarfe, nan ne kuma Faruku ya ajiye batirin sola don tsohuwar ta sami haske. Da zafi ya tsananta, na'urar ta fara mutuwa da kanta tsakiyar aiki. Wani mai gyara na can ya sa mata ƙaramar fanka mai gudu. Mutuwar ba ta daina ba, ga kuma ƙara ta ƙaru. Inna Ƙande tana da hawan jini, kanta ba ya son hayaniya. Ta yi haƙuri, ta gaji, ta gaya wa ɗanta. Faruku ya kira matarsa ya ce shi ba ya son ɓacin ran uwarsa: in abin bai gyaru ba kafin kasuwa ta zagayo, a sayar da shi. Ga jarrabawa ta matso, malamai sun riga sun kawo takardunsu.

Ranar da Zulai ta sauka daga mota da akwatin kwamfutar naɗe cikin zane, ta dubi allona, ta dubi ƙofarsa. Kun san inda ta nufa. Na tsallaka da sunan aron almakashi.

Ya haɗa na'urar, ya kunna, ya bar ta tana aiki. Fankar tana ta ihu, amma har rana ta take ba ta mutu ba. Ya saka hannu ta baya, ya ji iskar, ya girgiza kai.

"'Yata, a nan lafiyarta lau. Ciwon yana gidanku."

"Baba, ka sa mata mai shirun kawai, ko nawa ne zan nemo," in ji Zulai.

"In na sa mata mai shiru ta je ta ci gaba da mutuwa fa? Kin yi asarar kuɗi, kin yi asarar aiki. Sai na ga ɗakin." Ya juyo ya dube ni. "Sale, almakashin da ka zo aro, naka yana aljihunka, ina ganin kansa. Motonka yana da mai?"

Haka na zama direbansa a kan babur ɗina. Zulai ta koma a mota da na'urarta, mu kuma washegari muka bi ta da hantsi, shi a bayana rungume da kwali, muna nutsewa cikin rairayi muna fita.

Inna Ƙande 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaure kanta tamau da kallabi saboda ciwo. Ɗakinta tsaf: gado, jeren kwanoni an lulluɓe da farin leshi, rediyo shi ma da 'yar rigarsa. Malam Sadisu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa doguwa kamar ba abin da ya kawo shi sai ita. Ya tambayi jiki, ya tambayi zafi, ya tambayi Faruku.

"Kai ne likitan injin niƙan?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

"To ka yi masa allurar barci, ko ka yi mini."

Zulai ta ɗora akwatin kan tebur ta haɗa wayoyi. Tana gamawa, tsohuwar ta miƙe da kanta, ta buɗe adaka, ta ɗauko wani saƙaƙƙen zane mai kauri, baƙi da ratsin fari, an ɗinke shi daidai girman akwatin. Ta zura masa shi tun daga sama har ƙasa, gaba da baya, ta gyara kusurwoyi, ta shafa. Ta ce, "Kayan tsada ba a barinsa tsirara. Wannan zanen uwata ce ta saka aka saƙa mini shi da zan zo gidan nan. Ban taɓa ɗaura shi zuwa gona ba. Da yarinyar nan ta kawo abin sana'arta, na ce ba abin da ya dace da shi sai wannan."

Nan take na gane. Duk ƙofofin da iska ke shiga da fita an toshe su. Ko fankar jirgin sama aka sa, zafin ba shi da hanyar fita. Na dubi Zulai, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, sai na gane ita ma ta daɗe da zargin haka. Amma wace suruka ce za ta dubi uwar mijinta ta ce zanen aurenki ne yake kashe mini sana'a? Ta gwammace ta hau mota zuwa Magarya ta nemi fanka mai tsada da ta faɗi wannan kalma.

Na buɗe baki. Ina da amsa, ina so a san ni na fara gani. Sai na ji diddigen Malam Sadisu a kan babban yatsan ƙafata, da nauyinsa duka. Bai ko dube ni ba.

Ya matsa kusa, ya shafa zanen. Ya tambayi wane masaƙi ne, na wane gari, da wane irin zare. Tsohuwar ta saki jiki, ta ba shi labarin masaƙin da marinar da aka rina shi. Duk wannan lokaci na'urar tana kunne a ƙarƙashin rigarta. Can ya ce, "Inna, ara mini hannunki." Ya kama hannunta ya zura ƙarƙashin zanen ta baya. Ta fizge da sauri.

"Wayyo! Zazzaɓi take yi?"

"Ta nan take numfashi, Inna."

Ta dubi zanen, ta dubi Zulai da har yanzu kanta yana ƙasa. Tsohuwa ce mai kaifin hankali, ba ta bukaci a ƙara mata kalma ba. Fuskarta ta canza, na ga kunya tana neman zama fushi.

"Wato ni ce na shaƙe ta. To a cire, a mayar adaka. Ba na sake taɓa kayan kowa."

Da an cire a wannan lokacin, da na'urar ta warke, amma da ta bar ɗakin kafin mako, wannan ba na shakka. Malam Sadisu ya ce, "A'a Inna, in an cire na shiga uku. Dubi sama." Rufin kwano ne, da azara da gara ta fara ci. "Zafin kwanon nan a kanta yake sauka, ƙasar gara ma a kanta. Zanenki take bukata. Riga ce ta yi mata zafi, rumfa take so."

"Kai ɗan nan, gyaran inji ka zo ko ginin rumfa?"

"Duk wanda aka biya ni."

"Ba za ka sa wa zanena almakashi ba."

"Ko zare ɗaya."

Ya tura ni danga na zaro kara masu ƙwari. Ni, mai allo da fenti, ina tsugune a tsakar gidan mutane ina feƙe kara. Ya ɗaure su da waya ya yi ƙafafu huɗu a kan teburin, Inna ta warware ɗinkin da hannunta, aka shimfiɗa zanen a sama, da tazarar kamu guda tsakaninsa da akwatin. Ratsin farin ya fito fili fiye da da. Ta ja baya ta kalla, sannan ta gyara kusurwa ɗaya.

Saura ƙarar. Ya buɗe kwali ya fito da fanka biyu, ya ciro mai ihun ya haɗa suka zama uku, ya jera a tabarma kusa da batir. Sai ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Inna, kunnena ya fara tsufa. Siririyar ƙara ba na jin ta yanzu, kuma ita ce take sa ciwon kai. Ke za ki kwana da abin nan, ke za ki zaɓa. Rufe ido."

Na tsaya da kara a hannu. Shekaru ina ƙyashin kunnen nan, ashe yana tafiya, ni da nake kallonsa kullum ban sani ba. Na nemi daɗi a raina ban samu ba, kuma rashin samun ya ba ni haushi.

Ya taɓa wayar ta farko a batir. "Wannan ita ce 'yar banzar," in ji Inna. "Kashe ta."

Ya taɓa ta biyu. Sabuwa ce fil daga Kano, mai tsadar. Ɗakin ya yi tsit. Sai da ya kai zaren auduga gabanta ya tashi sama muka tabbata tana juyawa. Zulai ta san kuɗinta, ta tambaya tun a shago: duk abin da za ta samu a jarrabawar bana sai ya tafi, da ɗan ƙari. In tsohuwar ta ce wannan, to wannan ce.

"Ka kunna?" in ji Inna, idonta a rufe.

"Tana gudu, Inna."

"Hm. Sa ta ukun."

Ta ukun wata babba ce, tsohuwa, fentinta ya koɗe, ya ciro ta daga na'urar da ta mutu tun tuni ya yi ta jinyarta da mai. Ta tashi a hankali da wani kuka mai kauri, ƙasa ƙasa, kamar ƙudan zuma a kan bishiya mai nisa. Inna ta karkata kai ta saurara, ta daɗe.

"Wannan tsarata ce," ta ce. Ta buɗe ido. "Waccan mai shirun, in ta mutu wa zai sani? Sai dai a ji ƙauri. Ni na yi renon 'ya'ya, yaron da ba a jin numfashinsa ba ya barin uwa ta yi barci. Sa mini wannan. In muryarta ta sauya zan ji, in ce wa yarinyar nan ta kashe."

Babbar ba ta shiga gurbin ƙaramar. Sai da ya yanke gefen akwatin da almakashin kwano, ya ɗaure ta da waya ta kusurwa huɗu, ya sa guntun robar taya a tsakani don kada ƙarfe ya riƙa kaɗawa, ya rufe bakin da ragar sauro. Aikin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ni da kunya za ta hana ni fitar da shi daga shagona. Ya gaya wa Zulai gaskiya: ba ta kai sabuwar ƙarfi ba, tana son mai lokaci lokaci, kuma ragar tana son kakkaɓewa. Sannan ya ce ba inda za mu sai ta wuce zafin da ke tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ta saba mutuwa.

Muka yi salla, aka kawo mana fura. Muka zauna a bakin ƙofa. Kwanon rufi yana ƙara don zafi, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Zulai ta zauna ta fara buga takardar lissafi ta wata lekwal da ke hanyar Dungas. Da farko tana bugawa tana ɗaga kai, tana jiran allon kwamfutar ya yi baƙi. Shafi ya wuce, wani ya wuce. Malam Sadisu yakan tashi ya saka hannu ta baya, ya dawo ya zauna. Ni kuwa ina zaune ina tambayar kaina me nake so ya faru. Ina so matar nan ta tsira da sana'arta. Wani ɓangare na kuma yana so a ce sau ɗaya, sau ɗaya tak, mutumin nan ya yi kuskure a gabana. Duka biyun gaskiya ne, kuma a zuciya ɗaya suke zaune.

Zulai ce ta fara tsayawa da bugu. Ta ɗaga yatsa ta nuna gado. Inna Ƙande ta kwance kallabin da ta ɗaure kai da shi, ta juya wa bango baya, fuskarta tana kallon rumfar zanenta, tana barci da baki a buɗe. Aka kira la'asar na'urar tana aiki. Zulai ta sa bakin mayafi ta share ido, ta ci gaba da bugu a hankali.

Kafin mu tashi Faruku ya kira, yana tambaya ko a nemo mai saye. Ƙarar salular ce ta tashi tsohuwar. Ta karɓa ta ce, "A sayar da me? Wa ya ce maka? Kai dai ka aiko da man keken ɗinki."

A hanya, inda rairayi ya tilasta mana sauka muna tura moto, na yi masa tambayar da ta dame ni.

"Malam, da ta zaɓi mai tsadar fa?"

"Ka ɗaga murya."

"Na ce da ta zaɓi mai tsadar, ya za ka yi? Yarinyar ba ta da kuɗinta. Za ka ce wa tsohuwar ba ta da kyau? Ƙarya ke nan. Za ka bayar kyauta? Kai ma kana da iyali."

Ya tsaya yana haki. Ya ce, "Wallahi Sale ban sani ba. Ba ka ga bakina yana motsi ba? Addu'a nake ta yi."

Na so a ce dabara ce ya shirya tun daga Magarya, domin dabara ana koyonta. Ashe shi ma bai san ƙarshen ba. Ya dai miƙa zaɓin ga wadda abin ya shafa, ya tsaya yana tsoro kamar kowa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ban san a ina ake koyonsa ba.

Bayan damina ya sanar da mu zai rufe shago. Hannunsa lafiya, idonsa lafiya. Na ce masa ai zai iya ci gaba, wa zai sani? Ya ce ba zai sayar wa mutane shirun da shi ba ya iya tantancewa ba.

Malam Sadisu, kai ne ka shiga ɗaki da fanka uku ka fito ba wanda ya ji kunya. Kai ne ka ga abin da na gani, ka taka mini ƙafa, ka bar tsohuwa ta gano da hannunta. Na gaba cikin masu gyara, wanda ba ya da allo amma ba a ɓata hanyar ƙofarsa. Ban daina kishinka ba, kada ka ɗauka wannan rubutu ya wanke ni. Mutanen da za su zo shagona yanzu za su zo ne don naka yana rufe, ni ma na sani, su ma sun sani. Amma na gode. Na gode a madadin Zulai, da malaman da suka sami takardunsu a kan lokaci, da duk wanda ka hana shi sayen abin da ba ya bukata. Allah Ya saka maka da alheri, Ya bar maka sauran jin da ya rage, ka ji kiran salla da muryar jikokinka.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, daga Magarya har Dungas, da Kwaya da Dogo-Dogo, mu da muke yawa yanzu: kafin ku ɗaure fanka, ku je ku ga ɗakin, ku gaida mai ɗakin. In ba za ku iya don Allah ba, ku yi don kishi, kamar ni. Mai kayan ba ruwansa da dalilinku.

Da hannu na rubuta wannan, na aika Waca aka buga mini, don a can aka fi iya bugu. Zulai tana bugawa tana karanta wa surukarta. Da ta dawo mini da takardun na ga an ƙara layi biyu a ƙasa waɗanda ba nawa ba, ta ce umarni ne aka ba ta, ba ta isa ta ƙi ba. Na bar su yadda suke:

"Inna ta ce a gaya wa likitan injin niƙa tsararta tana nan lafiya, an ba ta mai ranar Juma'a. Ta ce kuma a gaya wa mai feƙe kara ƙafa ɗaya ta rumfar ta karkace, ya zo ya gyara aikinsa."